Hanyar Kango Ta Gonarmu Take Bi

Kwarin Mosel, Jamus
9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Doina,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Jochen. Ya ƙafar surukarki bayan hawan dutse? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke ɗan taɓa ni, amma tsinkar inabi ta kusa ƙarewa.

Ranar Asabar kun zo kallon kangon tsohuwar fadar da ke kan dutse. Kin sani sarai hanyar ta cikin gonar da nake aiki take bi, shekara tara ke nan. Ina hawowa da kwando a baya na hango ki, na kira sunanki. Surukarki ta ce, "Kin san ta ne?" Kika ce, "Ina fa, masu tsinkar nan kowa suka gani sai sun yi masa magana." Kika wuce, kika jingina da bangon da ko rufi babu, kina ta ɗaukar hoto da kofin giya a hannu. Giyar bara ce, da hannuna na tsinko inabinta.

Kada ki damu, ban yi kuka ba. Layin inabin da nake tsinka na ƙarasa.

Jiya Mama ta kira daga Romaniya tana tambaya ko mun haɗu. Na ce mata kin rungume ni a gaban kowa har kwandona ya zube. Ta yi ta sa miki albarka. In ta tambaye ki, kada ki ƙaryata ni. Ƙarya dai na ga kin iya ta.

Allah ya bar ku tare.

Yayarki, wadda ba ki sani ba,
Viorica