Gorar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Asabar da dare, Fagge

Yau na sha kunya a ƙungiyarmu ta koyon tuƙin kwalekwale a dam. Maimakon in zauna in yi tuƙi da filafili yadda Malam Habu ya koya mana, sai na miƙe tsaye na ɗauki gora, irin tuƙin da Baba yake ba mu labari ya yi a Tafkin Chadi. Na caka, gorar ba ta taɓa ƙasa ba, na bi ta cikin ruwa.

"Ɗan jarida, nan ba Chadi ba ne!" in ji Malam Habu, mai kira na da sunan sana'ata, da ya jawo ni. "Zurfin nan ya shanye bene."

Da na gaya wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya kama hannuna yana shafa kantar da ta fara fitowa. Shekara arba'in yana awon yadi a kasuwar Kwari, bai sake hawa ruwa ba. Ina so in iya kafin ƙarfinsa ya ƙare, in kai shi ko sau ɗaya ne.

Ya daɗe bai saki hannun ba. Can ya ce, "Ranar da za mu, ni ne a baya. Kai ba ka iya juya jirgi ba."