Ƙunar da Ban Ji Ba

Litinin, 3 ga Maris

Wata biyu cif da babur ɗin ya shigo gidan nan. Har yanzu in na yaye masa rufi da safe sai na tsaya na ɗan kalle shi. Ja, goshi a tsuke kamar mai fushi. Shekara ashirin ina yanko hotunan irinsa ina liƙawa a bangon maɗaba'ata, sai da furfura ta cinye gemu sannan na samu. Maman Auta ta ce mai shekara hamsin da huɗu ya kwanta rub da ciki a kan tanki, sai ka ce ƙadangare a katanga. Na yi dariya. Ba ta yi ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne zafin. A buɗaɗɗen titi lafiya lau, iska na kwashewa. Amma daga gida zuwa aiki danja shida ce, ga cunkoson bakin gada. In na tsaya minti biyu sai lambar zafi ta fara hawa, 98, 101, 104, fanka ta tashi, ta kwaso hucin injin ta watso mini a ƙafar dama. Cinya kuwa kamar na rungumi tukunya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai wa Gajere, bakaniken da ya san manyan babura. Ya duba lagireto, ya canza ruwa, ya naɗe bututun salansa da wani ƙyalle mai hana zafi. Wai ba abin da ya lalace, haka aka ƙera shi.

"Yallaɓai, don gudu aka yi shi, kai kuma kana kai shi layi."

Ya ce in riƙa kashe inji a danja, in sa dogon takalmin fata da wando mai kauri. Haka zan tarbi masu kawo aiki, kamar mai shirin kashe gobara?

Lahadi, 9 ga Maris

Mun fita bayan gari mu bakwai masu manyan babura. Wannan ne dalilin komai. Da na buɗe masa wuta bayan shingen ƙarshe na manta da shekaruna.

Da muka tsaya shan ruwa kowa na miƙe baya yana murza wuyan hannu. Wani likitan haƙori a cikinmu, wanda nasa ya fi nawa girma, ya ce shi ya daina shiga gari da shi tun ranar da ya sauka ya ji kamar an dafa shi an sauke. Aka yi ta dariya. Ashe kowa na gasuwa, ba mai faɗa sai an taru.

Na dawo wuya ya ƙage. Na ce wa Maman Auta matashin kai ne.

Laraba, 12 ga Maris

Tirela ta mutu a kan gada. Minti arba'in ina tsakanin bas da motar ruwa, ba gaba ba baya. Ban kashe injin ba, kullum gani nake yanzu za a motsa. Lamba ta kai 107. Abin mamaki ban ji zafi sosai a ƙafa ba, har na ce a raina aikin Gajere ya yi kyau.

Da yamma na shiga wanka, na cire safa ta ƙi fita. Ta manne. A cikin sha-raɓar dama, sama da idon sawu, bororo ne kusan faɗin tafin hannu, gefe ɗaya ya riga ya fashe. Wandon ma ya babbake a wurin.

Ban ji ba. Ko kaɗan ban ji ba. Na zauna a bakin baho na daɗe ina kallonsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na shafa man ƙuna, na ɗaure, na sa dogon wando. Na tafi aiki a kan babur ɗin.

Asabar, 15 ga Maris

Gara in rubuta, tunda ba mai karantawa. Shekara tara ina da ciwon suga. Tun bara nake jin tafin ƙafata kamar ina taka auduga. Ban faɗa wa likita ba, don na san abin da zai biyo baya, kuma lokacin ina dab da sayen babur.

Baba ma da ɗan ƙaramin ciwo ya fara. Ƙusa ce a takalmi, ya yini da ita bai sani ba. Daga yatsa aka fara yankewa, aka ƙare a ƙasan gwiwa.

Nawa ƙuna ce kawai. Ba ɗaya ba ne.

Talata, 18 ga Maris

Zanen gado ya tona ni. Na fito zan karya na tarar da Maman Auta riƙe da shi, ta ce in ɗaga wandon. Na fara kame-kame, ta sake faɗa. Da ta kwance bandejin ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Gefen ciwon ya yi ja ya kumbura, tsakiyar ta yi wani fari-fari.

"Tun yaushe, Baban Auta?"

Na ce kwana biyu. Ta dube ni. Na ce shida.

Auta ta bar lacca ta zo ta kai ni asibiti a motar uwarta.

Likitar ta sa na rufe ido, ta ce in na ji an taɓa ni in ce e. Sau biyu na ce e, na yi ta jira ta ci gaba. Da na buɗe ido na ga wani siririn zare a hannunta, Auta kuma ta juya tana kallon bango. Ashe sau goma ta taɓa. Biyu na ji, su ma a ƙafar hagu.

Allura, ƙwayoyi, wankin ciwo duk bayan kwana ɗaya. Na tambaya yaushe zan koma hawa. Ta ce wannan ciwon tana sa ran zai warke in na bi doka, amma ƙafar da ba ta jin wuta ba ta da abin da za ta gaya mini a karo na biyu.

Juma'a, 21 ga Maris

Na kira Gajere gida. Na ce a ƙara fanka, a huda robar gefe, a sa garkuwa a kan salansa, ko me ake yi. Ya tsuguna yana ta shafa injin. Ya ce duk zai iya, zafin zai ragu, amma ba zai tafi ba. Inji mai ƙarfin doki kusan ɗari biyu a tsakanin ƙafafun mutum, dole wutar ta fita ta wani wuri.

Na ce ai akwai takalmin fata. Ya ce akwai. Sai ya tambayi jikin.

Lahadi, 23 ga Maris

Na ji wucewar abokan hawanmu da safe, na gane ƙarar kowa. Ban san lokacin da na ɗauki hular kwano ba. Zagaye ɗaya na unguwa kawai, ko minti goma ban yi ba.

Na dawo Maman Auta na tsaye a ƙofa. Bandejin ya jiƙe, ni ban ma lura ba sai da na bi idonta.

"Ni na yi jinyar Baba wata bakwai," ta ce. "Ni na san warin. In ka zaɓi haka zan sake yi, amma kada ka ce mini ba ka sani ba."

Ta shige ciki. Na fi awa a gareji, injin na ta ƙas-ƙas yana hucewa.

Litinin, 31 ga Maris

Nas ta kankare mataccen nama. Ta ce in ya yi zafi in faɗa. Na yi ta addu'a ya yi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Auta ke kai ni aiki yanzu. Tuƙinta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ma'aikata sun sa mini kujera kusa da injin yanka takarda, da kwali na ɗora ƙafa. Mai haɗa launi ya ce tun da na zauna wuri ɗaya kuskure ya ragu a shagon, ko dai in ƙona ɗayar ma. Na ce zan rage masa hutu.

Suga ya sauka. Maman Auta na duba tafin ƙafata kowace safiya da madubi, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba mu sake ta da maganar ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ciwon ya tsuke, saura kamar bakin kofi. Likita ta yi murmushi karon farko.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gajere ya bugo. Wai akwai wani matuƙin jirgi da ke zaune bayan gari, hanyarsa ba danja ko ɗaya, yana tambayar babur ɗin. Na ce ban ce ina sayarwa ba. Ya ce ya sani. Na ce in kallo ne ya zo ranar Talata ya kalla, kallo ba ya rage komai.

Bayan la'asar na zazzage durowar gado ina neman takardun babur ɗin da makulli na biyu. Don dai in san inda suke. Maman Auta ta leƙo ta ga tarkace a kan katifa, ba ta tambaya ba, ta ce in duba cikin jakar fasfo.

Suna nan. Na sa su a ambulan.