Hoton Sarayebo da ke Akwatin Inna

Hyattsville, Maryland
6 ga Disamba, 2009

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya sa an yi Sallah lafiya, ya maimaita mana. Yaya ƙafar taki? Sadiyya ta ce ki daina hawa benen nan, na ce mata ba ki taɓa jin maganar ƙanenki ba, balle ta matarsa. Mu nan lafiya lau sai sanyi. Ɗanmu Fatihu ya shiga jami'a, har yau in na yi masa Hausa da Turanci yake mayar mini.

Yaya, ɓarna na yi, kuma ke za ki taya ni gyarawa. Kin tuna Safet da Milan, abokan ɗakina lokacin da nake karatun injiniya a Sarayebo? Safet Musulmi ne ɗan Bosniya, Milan Kirista ɗan Sabiya, amma a lokacin ba mai tambayar wannan, duk 'yan Yugoslabiya ne. Tukunya ɗaya muke ɗorawa, kwat mai kauri ɗaya muke ara wa juna. Ranar da shugabansu Tito ya mutu a 1980, da idona na ga su biyun rungume da juna suna kuka a bakin titi. Bayansa aka mayar da shugabancin na karɓa-karɓa tsakanin sassan tarayyar, kowa shekara ɗaya, har nakan tsokane su cewa kafin in haddace sunan wani an sauya shi. Dariya muke sha, ban san ƙasar ce ke kwancewa a hankali ba. Wallahi ina kewar shekarun nan.

Da yaƙi ya raba ƙasar, labarinsu ya ɓace mini. Sai bara na gano Safet yana gyaran firji a Wheaton, Milan kuma yana tuƙin babbar mota a Baltimore. Kowa na ziyarce shi daban, ba wanda ya ambaci ɗan'uwansa. Sai na ce bari in yi irin tamu, in mutum biyu sun ɓata a tara su a kwano ɗaya, a ba su haƙuri, magana ta wuce. Na gayyace su cin naman layya ba tare da na gaya wa kowa ɗayan zai zo ba. Sadiyya ta hana ni, na ƙi ji. Safet na shigowa ya hangi Milan zaune a kan kafet, ya gaida Sadiyya, ya ajiye kayan zaƙin da ya kawo, ya mayar da takalmansa ya fita. Milan ya sunkuyar da kai, ko tsoka ɗaya bai taɓa ba. Ashe mahaifiyar Safet a yaƙin ta rasu, gidansu ya ƙone ƙurmus. Milan bai riƙe bindiga ba, amma daga ɓangarensu wutar ta zo. Ni kuwa shekara guda ina zuwa wurin Safet ban taɓa tambayarsa ba. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Bayan kwana uku na je shagon Safet ba da haƙuri. Ya dafa mini gahawa, ya dube ni ya ce, "Dabo, ƙasar nan ta mutu. Kai kaɗai ka rage ɗan Yugoslabiya." Daga nan ya gaya mini ko hoton mahaifiyarsa ɗaya bai tsira da shi ba, har fuskarta ta fara ɓace masa. Nan take na tuna hoton da na aiko wa Inna don ta yarda ba yunwa nake sha ba: mahaifiyar Safet zaune a ƙofar gidanta, mu uku tsaye a bayanta. Don Allah ki duba akwatin ƙarfen marigayiya Inna, ƙarƙashin zannuwanta. In kin samu kada ki sa a gidan waya, ki damƙa wa Bashar da zai taso zuwa nan Amurka watan gobe. In ya ɓata, ban san da wane ido zan sake duban Safet ba.

Na yi masa tayin in sa almakashi in cire Milan kafin in ba shi. Sai ya ce a bar hoton yadda yake, domin tsohuwar da bakinta take kiran Milan ɗanta, ba za ta so a yanke shi ba.

Ki gaida Malam da Kawu Almu, da Asma da maigidanta, da 'yar lelena Sharifa. Allah ya jiƙan Inna, ya bar mana zumunci.

Ƙanenki,
Dabo