Yatsun Mai Wanki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Takarda ka gani don an toshe mini kira. Wai sabuwar doka ce, duk layin da ba a dangwala masa yatsa ba za a yanke shi ƙarshen wata. Na je ofishin, na ɗora yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Ma'aikaciyar ta ce sabulu ya cinye zanen yatsuna. Shekara ashirin ina wanki da guga, yau aka ce ba ni da hannu.

Duk masu ba ni wanki wannan lambar suka sani. In ta tafi, sana'ata ta tafi, kuma wallahi tsoro nake ji. Tunda a ma'aikatar da ta kafa dokar kake aiki, ka yi wani abu.

Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa doka ba ta san ƙanwa ba. An kafa ta ne don maganin 'yan damfara, ni kuwa tun ranar farko na yi rajistata. Masana sun tabbatar zanen yatsa yana dawowa idan aka huta da ruwa mako uku. Maigidanki ya karɓi wankin.

Naki, Yaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun bi shawararka. Baban yara ya tsuguna gaban baho yana tsaki, ni ina kan kujera da hannuwa cikin man shafawa kamar matar gwamna. Ya ƙona rigar liman, ya mai da zanin gadon wata malamar asibiti shuɗi. Na ga abin da ido, ban ko motsa ba.

Jiya na koma ofis. Na'ura ta karɓe ni, har na yi guɗa. Sai ma'aikaciyar ta duba ta ce ai layin ba sunana ke kai ba, na Baban yara ne, shi ya saya mini tun muna amarci. Yatsansa ake so. Na janyo shi ya dangwala. Yaya, na'ura ba ta ga kowa ba. Mako uku a ruwan sabulu, fatar duk ta saɓule.

Sun ƙara mana mako uku, ba ƙari. Ranar da wa'adin ya cika za mu dangwala tare, shi ya saki layin, ni in karɓa. Ka ga kenan ba mai taɓa ruwa a gidan nan. Yanzu mu biyu ke zaune da hannuwa a sama, ko cokali sai mun yi gardamar wa zai wanke.

Da na tuna kai ka riga ka yi rajista, yatsunka ba su da sauran aiki wurin gwamnati, sai hankalina ya kwanta. Ga ƙunshi huɗu nan direba zai sauke maka. Na asibitin ranar Laraba ake so.

A gaida Anti.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, kaya sun iso. Na rubuta wa shugabanmu cewa dokar nan tana buƙatar gyara cikin gaggawa.

Fararen kayan, ana jiƙa su tare da jan zanin da ke cikin ƙunshin? Ki amsa da wuri, sun riga sun shiga ruwa.

Yaya