Ɗorawar Mama Ladi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida ke nan da rasuwarki, kuma ban taɓa jin kunyarki kamar ta wannan makon ba. A fili nake rubuto miki, inda masu bin zane-zanena za su gani, don na san halina. In na ɓoye, gobe sai na sami hanyar zillewa.

Kin san ni da zane tun ina ɓata miki bango da gawayi. Har yanzu shi ne hutuna in na taso daga ofis. Shekara biyu ke nan na daina sayen fentin kanti, saboda warinsa da ruwan wankin burushi da nake tuttulawa a kwata. Na koma irin kayanki: jar ƙasa, zoɓo, gawayi, ƙaro. Jama'a suka yi ta yabo, wai ga mai zanen da ba ya cutar da ƙasa. Kaina kuwa ya kumbura, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

A Yangoji nake samo jar ƙasar, a gonar wata dattijuwa, Mama Ladi. Mijinta ya rasu, da daddawa take riƙe da jikoki uku, kuma ɗorawa ɗaya ce tak a gonar. Ita ta nuna min ramin da ƙasarsa ta fi kyau, ta ce in riƙa ɗiba duk lokacin da na so. "Oga mai hoto" take ce min.

Wata takwas da suka wuce na zauna zan zana fuskarki, na rasa launin fatarki. Sai na tuna ruwan sassaƙen ɗorawa da kike dafawa. Ran da na je Lahadi ce, Mama Ladi tana coci, ba kowa a gonar. Na sa wa ɗorawarta gizago. Ina ganin jan nan yana fitowa sai na ƙara, na ƙara, har na zagaye gindin kaf. Na cika buhu na tuƙo mota ina murna.

Kuma na sani, Inna. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan. Sau nawa na bi ki daji ina riƙe miki kwando? Gefe ɗaya kike ɗiba, faɗin tafin hannu, ki kwaɓa laka ki shafe wurin. Kina cewa, "Bar mata hanyar shan ruwa, Sagiru." Ban manta ba, zumuɗi ne kawai da son a yaba.

Hoton ya yi kyau, kaico. Yana nan a falo, na juyar da shi yana kallon bango.

Bana ɗorawar ba ta yi fure ba, ganyen ya zube tun daga sama. Mutanen gari suka ga gindin, suka ce aikin Audu ne, wani baƙo mai gawayi da ya zauna da iyalinsa a gefen gari, tunda haka masu gawayi ke yi wa itace don ya bushe. Ya rantse har ya gaji, ba wanda ya saurare shi. Samari sun riga sun watsa masa ramin gawayinsa. Gobe Asabar za a zauna gaban mai unguwa, kuma maganar kora ake yi.

Sati biyu ke nan da jin labarin, na yi gum. Har cewa na yi a raina, ai dama Audun yana sare wasu itatuwan. Dubi abin da ɗanki ya zama.

Jiya da rana ina ofis Mama Ladi ta kira ni. Wai in taimaka in zo da wuri, in rubuta mata ƙarar Audu da Turanci, tunda ni na yi boko. Ta ce, "Oga, kai ne kana son itace kamar ni." Na ce to. Wallahi, Inna, to na ce mata.

Gobe in na idar da asuba zan kama hanyar Lokoja zuwa Yangoji, ragowar sassaƙen yana but ɗin mota. Ban san me samarin nan za su yi min ba, kuma ina tsoro. Na yi tunanin kai mata dashe, amma ɗorawa ba ta haihuwa da wuri, ita kuwa ta tsufa. Ba ni da abin da zan mayar mata. Abin da ya rage a hannuna shi ne kada a kori mutum da 'ya'yansa a kan ɓarnata.

Innata, da kina nan da kin ja min kunne, sannan ki yafa mayafi ki raka ni. Gobe ni kaɗai zan tsaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya bar Audu a ɗakinsa. Ya Allah, in Mama Ladi ta taho da fara'arta ta miƙo min takarda da biro, kada Ka bar ni in karɓa.

Ɗanki,
Sagiru
Abuja, ranar Juma'a