Sunan Unguwarmu a Rediyo

Zuwa ga Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da kakarmu Ya Kaka, da fatan kowa lafiya. Kai da kake cewa surutuna ba zai kai ni ko'ina ba, to ga shi ya kai ni: ni zan wakilci makarantarmu a muhawarar ɗalibai, kuma a rediyo za a sa. Batun shi ne ko rufe iyakokin ƙasa alheri ne ga talaka. Ƙuri'a ake jefawa, ɓangaren da ya faɗo maka shi za ka kare ko da ranka bai so ba. Mu goyon bayan rufewa ya faɗo mana. Malaminmu ya ce alƙalai sun gaji da haddar littafi, abin da ido ya gani suke so. Ni kuwa a lungunmu na tashi, na ga da yawa.

Ƙanwarka,
Zainab

Zainab,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Tunda an hana ku riƙe waya, na ba Nata'ala direba wannan ya miƙa miki. Hankalina bai kwanta ba. Kin san shaddar da Baba da maƙwabta suke sayarwa ba ta ƙofa take shigowa ba. Ki yi maganar masaƙun da suka mutu, ki yi ta manoman shinkafa, amma ki bar lungunmu. In ba za ki iya ba, ki ce ba ki da lafiya.

Yayanki,
Modu

Yaya Modu,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso mun riga mun gama, kuma mu muka ci. Ka kwantar da hankalinka, ban kama sunan kowa ba. Cewa kawai na yi ba a rufe iyakar da gaske ba, domin a lungunmu ana sauke dilolin shadda ranar Juma'a, lokacin da kowa ya tafi masallaci. Da ka ji irin tafin da aka yi. Mai gabatarwa har sau biyu ya faɗi sunana, Zainab Babagana Zaitawa, kamar yadda yake a makaranta. Da ma na ce Baba zai ji daɗi.

Taka,
Zainab

Zainab,

Ina miki sallama, amma raina a ɓace yake. Ba ki kama sunan kowa ba, to sunanki fa? Ga na Baba ga na unguwa a jikinsa. Duk kasuwa an ji. Juma'ar da ta biyo baya jami'ai suka tsaya a bakin lungu, suka kwashe kayan Alhaji Maharazu da na mutanensa. Namu ba su taɓa ba, domin motarmu ta lalace a hanya ba ta iso ba. Wa zai yarda da wannan?

Baba ya je da kansa ya yi wa Alhaji bayanin ƙuri'a, cewa ba ra'ayinki ba ne, wasan makaranta ne. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Babagana, yarinya ba ta faɗin magana a rediyo sai da izinin ubanta. Allah ya ba mu alheri." Bai raka shi ƙofa ba.

Kin san yadda magidantan lungu suke fito da akusansu a ci tare bayan magariba. Yanzu sun ɗauke tabarmar sun koma ƙofar Alhaji. Baba shi kaɗai yake ci a zaure. Ɗan Alhaji, Mikail, da jami'an suka kama tare da kayan, yana tsare har yau, kuma abokansa sun daina amsa sallamata. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Modu

Zainab,

Salam. In an ba da hutu kada ki nufo gida, kada kuma ki hau motar kowa, ko da an ce Baba ne ya aiko. Ki zauna wurin shugabar makaranta sai kin gan ni da idonki. Jiya wasu samari sun yi sallama ba ma nan, suka ce sun zo yi miki murna. Sun tambayi Ya Kaka sunan makarantarku da ranar da za ku fito. Ta ji daɗi sosai, ta faɗa musu duka.

Allah ya tsare ki.
Modu