Baba Ya Sake Jin Rana

Zuwa ga Yaya Alkasim a Kwatano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan unguwar Zariya lafiya lau, Malika ma ta fara tafiya.

Maganar da ka yi ta zuwa ka ɗauke Baba ya koma wurinka, ina roƙonka ka dakata. Ka san al'adarsa da rediyon nan tasa ta magana da mutanen nesa. Da hantsi yakan juya anten, wato eriya, wajen da sama take fayau, ya dubi allurar da ke auna ƙara a jikin rediyon, sannan ya juya anten ga rana. In allurar ta ɗaga, shuuu ɗin ya ƙaru, ya san rediyo lafiya take. Tun bara allurar ta daina bambanta sama da rana. Sai ya yanke cewa rediyon ta tsufa, kunnensa ma ya bi ta, ya lulluɓe ta da zane, ya rage cin abinci. Wallahi na ji tsoro, Yaya.

Ni dai ban yarda ba, don mutumin da ke jin an buɗe tukunya daga zaure bai kurumce ba. Na matsa masa muka kai kayan Jiratawa, gonar Kawu Ya'u, da batir ɗinmu. Kawu ya kashe injin ban-ruwa, wuri ya yi tsit, sai ganyen zogale ke motsi. Baba ya juya anten sama, ƙarar ta kwanta kamar yayyafi a nesa. Ya juya ta ga rana a hankali, allura ta ɗaga. Ya daɗe ido rufe yana murmushi. Ya ce ashe na'urorin pano na wutar sola da cajar waya na maƙwabta ne suka cika unguwa da hayaniya har suka rufe masa sama. Ya ce ƙarar ranar tana nan yadda marigayiya Inna take kwatanta ta, kamar ana sheƙar gero a gidan da ke bayan namu. Ni kuwa na yi kuka.

Kawu ya ba shi ɗaki a bakin gona. Ranar nan tuwo biyu ya ci. In za ka zo, kada ka zo da niyyar ɗaukarsa, ka zo ka riƙe masa anten.

Ka gaida Saudatu da Abdurrazak da Nasser. Baba yana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Zuliha